Harsashi Ashirin da Takwas

Da hantsi aka kira Sufeto Tamimu zuwa unguwar Highbridge. An harbe Hamidou, mai sayar da huluna a 125th Street, a ɗakin ajiyarsa na ƙarƙashin bene.

Ƙarƙashin wani kwali Tamimu ya tsinci gidan harsashin doguwar bindiga, da alama ya fice ne garin kokawa. Mai cin talatin ne. A jikinsa an buga cewa na jami'an tsaro ne kaɗai, tambarin da ake yi tsakanin 1994 da 2004, lokacin da doka ta hana ƙera wa farar hula mai cin fiye da goma. Ke nan ta hannun ɗan sanda ya fito.

Ya zazzage ya ƙirga, ashirin da biyar. Kwanson harsashi biyu a ƙasa, ɗaya kuma ya tafi a bakin bindigar. Ashirin da takwas. Mutum ɗaya ya sani da ba ya cika gidan harsashi fal, wai kada ya cije: Baba Ishawu, tsohon ɗan sandan da ya shigar da shi aiki, ya kuma tsaya masa waliyyi ranar aurensa.

Ya hau sama wajen matar mamacin.

"Malama Hamdatu, wa ke ajiya a ɗakin nan?"

"Babu kowa."

"Akwai shatin akwati a kan ƙura. Na wa ne?"

Ta daɗe tana murza gefen mayafi. "Na Baba Ishawu ne. Shekaranjiya maigidana ya buɗe, ya ga bindiga mai naɗewa. Ya ce masa ya kwashe kafin Juma'a, ko ya kira polis. Ranka ya daɗe, kowa ya san babanka ne, shi ya sa na yi shiru."

Maganar ta ƙona masa rai, don ba ƙarya ta yi ba.

A gidansa na unguwar Parkchester ya tarar da tsohon yana shan shayi, hankali kwance kamar ranar Sallah.

"Baba, ina magazin ɗinka na da, gidajen harsashin nan?"

"Tun 2013 da sabuwar doka ta hana har tsofaffin, na miƙa su duka."

"Na duba takardar. Uku ka miƙa. Ni nake goge maka su, huɗu ne."

Ya ajiye ledar shaida mai ɗauke da gidan harsashin a kan tebur. Ishawu ya kalle ta, ya ajiye kofi.

"Shekara ashirin da biyu na yi wa hukumar 'yan sanda aiki. Sai mai huluna ya jawo a ɗaure ni saboda ƙarfe? Tsorata shi na je yi, ya kama bakin bindigar."

"Sau biyu ya kama?"

Tsohon ya ce, "Na san yankinka ne, kes ɗin hannunka zai faɗo. Na ce yarona zai ƙirga, ya gane, ya jefa gidan harsashin a kogi."

Nan ne abin ya fi yi wa Tamimu ciwo. Ashe duk tsawon shekarun nan kallon da tsohon ke masa ke nan.

"Miƙe, Baba. Juya."

Ya sa masa ankwa. Ana tura tsohon cikin mota sai ga wayar matar Tamimu, tana cewa ya biya makaranta ya ɗauko ɗansu, Ishawu ƙarami.

"Zan ɗauko yaron," in ji shi. Sunan ya ƙi fita daga bakinsa.