Ranar da Giginya Ta Ɓace

A wani ƙauyen magina tukwane an yi wata yarinya, Tasalla, mai ba da waƙa a gaɗa. Kullum kafin a fara, sai ta nuna wata giginya da ke bakin rafi ta ce, "Kuna ganin giginya?"

"Muna gani!"

"To, a tafa!"

Kakarta ce ta koya mata cewa in hayaƙi ya ɓoye giginya, ba a tsalle a waje, don ƙirji yake shiga.

Ran nan aka gasa tukwane, ga 'yan matan wani ƙauye sun zo gasar gaɗa. Tasalla ta duba, babu giginya. Ƙanwarta Ladidi mai ciwon fuka har ta soma tari.

"Tsoro dai kuke ji!" in ji baƙin.

Maganar ta sosa wa Tasalla rai, amma ta ce, "Ba na ganin giginya. Ku zo ɗakin Kaka, akwai gyaɗa."

Suka shige, ana ci ana shewa. Da la'asar iska ta kore hayaƙin. Ladidi ta leƙa ta ce, "Yaya, ga giginya!"

Kafin Tasalla ta buɗe baki, baƙin suka riga ta: "Muna gani! A tafa!"