Ba Zoɓon Ba Ne

"Zoɓo ne, ko? Abdulnasir, ka ce min zoɓo ne!"

Yana durƙushe a zauren gidanmu na Kabo, ya dafe ƙirji, abin da ya amayar kuwa har da gudaji.

Jini ne. Kuma ni na haɗa masa zoɓon da hannuna.

Kafin La'asar yayana ya kai mu asibiti a Gwarzo, garin su Abdulnasir. Mahaifiyarsa Hajiya Uwaliya ta iso tare da Bushira, 'yar ƙanwarta, wadda tun da aka sa mana ranar aure ta daina amsa gaisuwata.

"Me kika ba shi?"

"Zoɓo ne kawai, Hajiya..."

Bushira ta taɓe baki. "Inna, ban faɗa miki ba? Kwanan nan kullum a rame yake, ga wasu ƙwayoyi da yake ɓoyewa a aljihu. Abin da ake barbaɗa masa ne ya yi yawa."

Hajiya ta juyo kaina. "Shi kaɗai gare ni, Naja'atu. Shi kaɗai!"

Na sunkuyar da kai, don na san ƙwayoyin. Sati uku da suka wuce ya ce wa Hajiya kwas zai je Kano, alhali asibiti ya kwanta. Zuciyarsa ce ke bugawa ba tsari, likitoci suka zura siririyar waya ta jijiyar cinyarsa, suka ƙona wurin da ke rikita bugun. Ciwon zuciya ne ya yi ajalin mahaifinsa, shi ya sa ya roƙe ni kada Hajiya ta ji.

Likita ya kira mu bakin gadon.

"Yana da olsa? An taɓa yi masa aiki?"

"Ko allura ba a taɓa yi masa ba," in ji Hajiya.

Abdulnasir ya dube ni, ya girgiza kai a hankali.

Na kau da idona.

"An yi masa, likita. Aikin zuciya. Sati uku ke nan, kuma yana shan maganin tsinka jini."

Nan take fuskar likitan ta canza. "Kada a ba shi ko ruwa! Kano za a wuce da shi yanzu."

A bakin motar asibiti Hajiya ta tare ni.

"Ke kin sani, ni da na haife shi ban sani ba? Me kuma kika sa shi ya ɓoye min?"

"Ƙila ma shiryawa ta yi don ta wanke kanta," in ji Bushira.

Aka rufe ƙofar ina tsaye.

Kwana tara ban san ɗanɗanon abinci ba. Baba ya ce ba zan taka inda aka kira ni mai guba ba. Wayar Abdulnasir a kashe. Duk sallamar da aka yi sai na leƙo in ga ko labarinsa aka kawo.

A kwana na goma da hantsi sai ga Hajiya a tsakar gidanmu, ita kaɗai. Ta daɗe suna gaisawa da Baba kafin a kira ni.

"Sun yi masa hoto," ta ce, idonta a ƙasa. "Wai hanyar abinci a manne take da bayan zuciya. Zafin ƙunar ne ya taɓa ta, ta yi gyambo, magani ya ƙara tsinka jinin. Ba kasafai ake ganin haka ba. Sun ce da ba ki yi magana ba, da olsa za a yi ta nema har..."

Ta juya ga Baba.

"Alhaji, na zalunci 'yarka. Ka ara min ita zuwa yamma."

Baba ya ce in ɗauko mayafina.

A asibitin Kano na same shi a kishingiɗe, ya rame sai idanu.

"Kin tona ni, Naja'atuna..."

"Gara ka yi fushi da ni kana numfashi, masoyi."

"Ai fushin nake yi."

"To ci gaba."

Hajiya ta ja kujera ta zauna a tsakaninmu, tana share ido da gefen mayafi.

"Ku gama fushin da wuri. Ranar da aka sa, ko kwana ɗaya ba zan yarda a ɗaga ba."