'Yar Robar Hajja Yakaka

Ranar da dutse na farko ya faɗo gidan Hajja Yakaka, yammaci ne irin na kullum. An kwashe shinkafar da aka shanya a tsakar gida, awaki sun shigo da kansu. Zara, jikar Hajja, tana durƙushe gaban murhu tana juya tarwaɗa a kasko. Ladan yana gyaran murya a lasifika. Sai wani abu ya doki kwanon rufi, ya gangaro, ya faɗi kusa da turmi.

Hajja ta taka ta ɗauka. Dutse ne jiƙe sharkaf, da lakar kogi a jikinsa, ga shi kuwa rabon Haɗeja da ruwan sama an fi wata. Ta leƙa waje, lungu fayau babu kowa. Kafin ta mayar da ƙyaure na biyu ya faɗo, sannan na uku. Da ta waiwayo, sai ta ga kifi yana ƙonewa, Zara kuwa ta miƙe tsaye ta juya fuskarta wajen da kogi yake, hannuwanta a sake kamar ba nata ba.

"Ke, kifi."

Zara ba ta motsa ba. Can ta ce, a hankali, "Ana kirana."

Hajja mace ce da ba ta san tsoro ba. Ba ta yi boko ba, ba ta kuma taɓa jin ta rasa wani abu saboda haka. Da cinikin soyayyen kifi ta riƙe gida bayan mijinta ya rasu. Amma a wannan magaribar sai da ta dafa bango, don ta san abin da ta baro a ɗaki ƙarƙashin matashi.

Wata biyu kafin nan autanta Abdulfattah ya zo daga Kano, inda yake aikin ofis. Cikin tsarabarsa akwai wata 'yar roba mai laushi kamar kwaɓin alkama, girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba. An yi mata ido da hanci da baki. In aka matse ta sai idanun su firfito, in aka saki ta koma yadda take.

"Wannan taki ce, Hajja. Likita ya ce faɗa ne ke hawar miki da jini. In ranki ya ɓaci ki matse ta, ki zage ta son ranki, ba ta ramawa. Mu ma kowa da tasa a kan tebur."

"Auta, wato abin da kuke yi ke nan a ofis ɗin, gandama-gandaman maza kuna matsar roba?"

"Ai ta fi matsar kunnen mutane, Hajja. Nawa har yau bai koma daidai ba."

Ta ce ya kwashe shirmensa. Ya yi dariya ya bar ta a kan gado.

Kwana uku tana nan ba a taɓa ta ba. A na huɗu Zara ta fasa tulu, Hajja ta haɗiye faɗan saboda jini, ta shiga ɗaki, hannunta ya kai kan robar. Ta matsa. Idanu suka fito. Ta sake matsawa, sai ta ji bakinta ya ce, "Zara." Daga nan ta zama al'ada. Kullum rana ta yi ja, lokacin da ake hana yara ko jifan kaza, sai Hajja ta saki labule, ta ɗauko robar ta kira ta da sunan jikarta. Da farko faɗan tulu ne da na gishiri. Daga baya maganar ta gangara inda shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa zuwa ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ruwa ya ci gidan 'yarta Zulaihat a wani ƙauye kusa da Auyo. An riga an fitar da Zulaihat, tana cikin kwalekwale, sai ta ga babu Zara, lokacin tana 'yar shekara biyar. Ta koma. Ta miƙo yarinyar ta taga, katanga ta rufta da uwar. Hajja ta ɗauko marainiyar ta riƙe. Ba ta taɓa dukanta ba, ba ta bar ta da yunwa ba, ta sa ta makaranta. Sai dai ba ta taɓa yi mata wasan kaka da jika ba, ko sau ɗaya. Abin da ke ranta ta danne shi, kuma da ya tafi kabari tare da ita, ba don Auta ya kawo mata abin da ake zagi ba ya ramawa ba.

Jifan bai tsaya ba. Kullum da almuru sai duwatsu sun sauka, jiƙaƙƙu, kuma ba sa samun kowa. Randa ta riƙa wayar gari da warin taɓo. Zara ta daina cin abinci sai ruwa. Ran kwana na biyar aka neme ta aka rasa, sai wasu masunta suka kawo ta, sun tsamo ta daga kogi ruwa ya kai mata ƙirji, tana tafiya a natse kamar mai zuwa kasuwa. Daga ranar Hajja ta riƙa ɗaure zaninta da na yarinyar in rana ta sunkuya.

Maƙwabta suka shigo, kowace da nata. Wata ta ce maita ce, wata ta ce yarinyar ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla.  Hajja ta yi hayaƙin habbatussauda, ta shafa wa Zara man zaitun. Robar kuwa ta jefa ta a masai da hannunta. Da ta ɗaga matashi za ta kwanta, ga ta nan, a jiƙe.

Abdulfattah ya baro aiki ya zo. Shi ya hau babur zuwa garin Malam Madori ya ɗauko Goni Mukhtar, wani dattijo siriri mahaddacin Alƙur'ani da aka sani da ruƙiyya. Suka iso bayan la'asar. Goni ya sa aka sallami maƙwabta, aka shimfiɗa tabarma a rumfa, aka zaunar da Zara. Kafin ya fara ya dubi Hajja.

"Akwai abin da ya kamata in sani?"

"Babu, Goni."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi bisimilla.

Ya karanta Fatiha, ya karanta Ayatul Kursiyyu, ya shiga Baƙara. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Kaji suka yi tsit. Zara ta fara rawar ɗari, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe, sai ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta wata tsohuwa ce, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Ta bakin kogi. Inda kainuwa ta yi yawa."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Wucewa nake da magariba, na ga gida mai fuska babu kowa ciki, na shiga in huta. Sai aka kama ni ana matsa. Kullum ana matsa, ana kirana Zara. Na amsa. Da na gaji na zo wurin mai sunan."

Abdulfattah ya dubi mahaifiyarsa. Hajja ta kafa wa tabarma ido.

"Kin shiga inda ba a gayyace ki ba," in ji Goni. "Ki fita."

"A yanka mini baƙin bunsuru a bakin ruwa."

"Ko ƙwai ba za ki samu ba. Ba a yanka don wanin Allah."

"To, in tafi da ita. Ai an ba mu."

"Wa ya ba ki?"

Yarinyar ta juya kai a hankali har idonta ya sauka kan kakarta. "Tambayi tsohuwa. Sau nawa ta faɗa, da bakinta, lokacin da muke fitowa? Mu ba ma sata, malam. Abin da mai shi ya ce ba ya so muke ɗauka."

Goni ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Zara ta yi ta birgima har goshinta ya fashe a jikin turmi, jini ya zubo. Muryar tana kuka tana dariya. "Ƙona ni, amma jikinta kake wahalarwa. Kuma gobe ma rana za ta faɗi. Wata ran ɗaurin zani zai kwance."

Goni ya tsaya. "Faɗi abin da kike so."

"Wadda ta bayar ta karɓe. Zan ja baya, yarinya ta dawo hankalinta, tsohuwa ta maimaita mata abin da take gaya mini, duka, cikin kunnenta. In ta ce ta janye, na tafi. Na gaji da ɗaukar maganar da ba tawa ba."

Goni ya ja casbi. Sannan ya juyo.

"Hajja, ni ba na karɓar sharaɗin aljani. Amma wannan ba nata ba ne. Haƙƙin marainiya ne, ko babu aljana sai kin sauke shi, yau ko ranar hisabi da babu tabarma. Ɗazu na tambaye ki."

"A gaban Auta?" Muryarta ta yi ƙasa.

"In kina so ya fita."

Abdulfattah ya yunƙura, idonsa ya kaɗa. "Ni na kawo abin nan, Hajja. Laifina ne."

"Zauna. Kai roba ka kawo. Maganar tawa ce."

Jikin Zara ya saki. Ta buɗe ido, ta taɓa goshinta, ta dubi jinin. "Hajja? Kawu, yaushe ka zo?"

Hajja Yakaka, wadda tun rasuwar mijinta ba a taɓa ganin gwiwarta a ƙasa ba sai a salla, ta sauko daga kujera ta durƙusa gaban jikarta.  Maganar ta fito a bushe, kamar tana karanta laifin wani.

"Na ɗauki roba na sa mata sunanki. Na ce ke kika kashe mini 'ya. Na ce duk loma da kika ci a gidan nan tata ce. Na ce ba na iya kallon fuskarki don tata ce kika sata." Ta ci gaba. "Na ce da ma ke ruwa ya ci. Na ce ruwa ya zo ya ɗauki abinsa ya bar ni in huta. Ba sau ɗaya na faɗa ba."



"Na janye. Ban ba kowa ke ba. Ke tawa ce. Wanda ya ji na bayar, ya ji na karɓe."

Zara ta sandare. Ƙafarta ta hagu ta yi rawa, babban yatsan ya miƙe, muryar ta fito sau ɗaya, can nesa: "Na tafi, ba zan dawo ba." Goni ya karɓi alkawarin, ya yi addu'a, ya tofa a ruwa ya ba yarinyar ta sha. Ya sa Abdulfattah ya ɗauko robar, ya ɓata fuskar da wuƙa, aka jefa a murhu. Ta narke da baƙin hayaƙi kamar kowace roba. Aka kira salla, maza suka fita masallaci. Kwanon rufi bai yi ƙara ba.

Ya rage su biyu a rumfa. Hajja ba ta tashi ba. Ta jiƙa gefen mayafinta tana goge jinin goshin.

"Ki yafe mini."

"Na yafe, Hajja." Zara ta dube ta. "Ai na sani tun da. Tagarki tana kallon murhu. Tun ranar tulu nake ji."

Hannun Hajja ya tsaya.

"Da aka fara kirana ba ƙarfi aka fi ni ba. Na ɗauka in na tafi za ki samu sauƙi."

Wannan ya fi duk abin da aljanar ta faɗa nauyi.  Hajja faɗa ta iya, ciniki ta iya, lallashi kuwa ba wanda ya koya mata. Ta kama ƙafafun yarinyar da hannu biyu ta riƙe, sanyi ƙalau, tana murzawa don su yi ɗumi.

"Hajja."

"Na'am."

"Ni ban tuna fuskar mahaifiyata. Ba ki taɓa ba ni labarinta ba. Wace iri ce?"

Uwar Zara 'yar farin Hajja ce, kuma macen kirki ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Shekara talatin da wani abu Hajja tana kiyaye wannan, 'yar tana raye da bayan ranta. Ta dubi jikarta, ta dube ta sosai, yadda ta daɗe ba ta yarda ta yi ba.

"Zulaihat," ta ce. "Sunanta Zulaihat. Ta fi ki rashin ji. Matso kusa."