Garwashin da Fintan Ya Kai Kango

Fintan Culligan ya ɗebi wuta daga murhun uwarsa ya kai Kango, kuma wannan ne ya cinye gidansa. Mijin ƙanwata Delia ne. Ni Con, dillalin shanu, ban yi karatun kirki ba kuma ba na yarda da zancen fatalwa don an faɗa. Abin da zan ba ku, rabi na gani da idona, rabi shi ya gaya mini da bakinsa lokacin da ƙarya ba ta da sauran amfani a gare shi.

Kango shi ne tsohuwar hasumiyar da ke kan tudu bayan ƙauyenmu, wadda sojoji suka fasa tun zamanin kakannin kakanni. Ba rufi, benayen sun rufta, sai matakala mai murɗewa da hankaki. Muna yara mun sha hawa satar ƙwai. Abin da ba mu taɓa shiga ba shi ne ɗakin ƙasa, inda Darby boka yake zaune.

Fintan yana da saniya uku da gona wadda dutse ya fi ƙasa yawa. Ba malalaci ba ne, amma idonsa kullum yana kan gonar wani. In mun zauna a mashaya sai ya ce, "Con, kai ka yarda ka mutu kana warin kashin shanu?"

In ce, "Ya fi in mutu ina warin baƙin ciki irinka. Sha giyarka."

Wata rana da hantsi, hazo ya rufe tudun, ya hau. Ya ce ɗakin Darby a duƙe ake shiga. Ruwa na ɗiga daga bango. An jera ƙoƙunan kan dawakai a kan wani dutse mai faɗi, kowanne da kyandir na kitsen akuya a ramin ido. Tsummokara a ɗaure jikin reshen ƙaya, wasu da gashin mutum. A ƙurya kuma ga wani ƙaton murhu da za a gasa bijimi guda a ciki, baƙi ƙirin, ba ko toka.

Darby bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ɗan Honora. Ka daɗe kana zagaye tudun nan kamar kare."

"Arziki nake so, tsoho. Na gaji."

"Ni ba ni da ko wando na biyu, wawa. Mai gidan nan, wanda ya mutu tuntuni, shi ke bayarwa. Duk ƙasar da idonka ya kai tasa ce, har yau. Abu ɗaya ya rasa." Ya nuna murhun da haɓa. "Tun ranar da aka kashe masa wuta yake jin sanyi."

Fintan ya yi dariya ya zaro ashana. Darby ya buge hannunsa.

"Wutar ashana ba ta da dangi. Ta murhun uwarka yake so. Ka kawo garwashi ranar ɗaya ga Mayu."

"Shi ke nan? Ba jini?"

"Ka gan ni da wuƙar fawa? Amma ka san me ake nufi in mutum ya ɗauki wutar gidansu ya kai wani murhu."

"Na sani. Zancen tsofaffin mata."

"To, da bakinka ka faɗa."

Kowa a yankinmu ya sani. In iyali za su tashi zuwa sabon gida, garwashin tsohon murhu ake fara kaiwa, domin inda wutarka ta sauka nan ne gidanka. Kuma ranar ɗaya ga Mayu ko maƙwabcinka na mutuwa ba ka ba shi wuta. Ta gidan su Fintan kuwa ba ta taɓa mutuwa ba tun da kakansa ya hura ta. Kowace yamma Honora ke binne ta da toka.

Da safiyar ranar ta kama shi a bakin ƙofa da tukunyar ƙarfe tana hayaƙi.

"Fintan, ina za ka da wutata?"

"Kaɗan na ɗiba, Inna. Ga taki nan."

"Ajiye, don Allah. Ajiye, ɗan nan."

Ya ture hannunta ya fita. Kafin ya dawo, murhun gida ya mutu murus.

Arziki kuwa ya zo, ba zan ɓoye ba. Shanunsa suka riƙa haihuwar tagwaye. Ɗan dokin da ya saya don jan keke, wani Bature daga Ingila ya biya shi kuɗin gona a kansa. Ya sayi filayen maƙwabta, ya sayi babbar mota, ya gina bene mai rufin allon dutse. Fada na cocinmu da kansa yana cire masa hula. Sai dai duk wanda ya shiga gidan ba ya tuɓe kwat. Wuta na ci bal-bal a murhu, ka miƙa hannu, ba ɗumi. Shayi kafin ya kai baki ya huce.

A shekara ta uku Honora ta ɓata da rana tsaka. Matar da sai an ɗauke ta ake kai ta coci. A ɗakin ƙasan Kango muka same ta, zaune gaban murhun nan, saƙarta a cinya, ta riga ta sandare. Wuta na ci a gabanta, ja kamar hanta.

Daga nan sai Delia. Ta fara naɗe kofuna a cikin tsumma. Na je na same ta tana ɗaure bargo.

"Delia, tafiya za ki yi?"

"Yaya, ai mun tashi tuntuni. Me muke yi a gidan mutane? Kunya nake ji."

Likita ya ba ta ƙwayoyi, Fada ya yayyafa ruwa, Fintan ya sa kwaɗo a ƙofa. Wata ranar kasuwa ta fita ta taga da tsintsiya. Masu kiwo sun hango ta can saman matakalar Kango, tana shara, tana waƙa. Ta taka ta shiga ɗakin da daɓensa ya rufta shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kamar tana ganin katakon.

Saura Nuala, 'yarsu tilo, shekararta goma sha huɗu. Mako bai cika da binne uwar ba ta ce mini, "Kawu, wa yake kirana in zo in hura wuta?"

Fintan ya hau tudu da cokali mai yatsu na tara ciyawa. Ya tarar da Darby na ɗaure ƙunshinsa.

"Ka yaudare ni, la'ananne!"

"Na tambaye ka, ka ce ka sani. Ni nake riƙe maka wutar nan, gwiwoyina sun ƙare. Duk lokacin da ta yi sanyi, sai mai gidan ya kira ɗaya daga masu ita. In ta mutu gaba ɗaya, duk ku tafi."

Fintan ya ɗebi garwashi ya ruga zai mayar gida. Yana kaiwa bakin ƙofar Kango ya zama baƙi. A daidai lokacin Nuala ta faɗi a ɗakin girkina, leɓɓanta shuɗi. Sai da ya koma ya hura wutar ta farfaɗo.

"Yarinyar fa?" ya tambayi Darby. "Ba hanya?"

"Ranar da ta yi aure ta binne wutar mijinta da hannunta, ta fita daga taku. Kafin nan, zauna."

Ya zauna. Darby ya bi hanya, ba a sake ganinsa ba. Ni na ɗauki Nuala. Ban matsa mata kan aure ba, ban gaya mata sharaɗin ba, haka uban ya roƙe ni. Ya ce kada ta auri wani don tsoro. Ita abin da ta sani, Baba ya haukace yana kwana a kango.

Murhun nan ci gare shi. Abin da zai ishi gida wata guda, shi kwana biyu ne. Filaye suka tafi wajen sayen makamashi, mota ta tafi, shanu suka tafi. Aka ɓalle ƙofofin benen da katakon rufinsa aka hau da su. Ina kai masa dankali da busasshen tubalin ƙasar fadama da muke ƙonawa a keken jaki. In na ce, "Ranka ya daɗe, mai arzikin gari," sai ya ce, "Rufe baki ka sauke kaya, mai warin shanu." Ba ya iya barci mai nauyi. Gashinsa ya yi fari, idanunsa suka dafe da hayaƙi. Shekara tara.

Ku masu hangen gonar wani, ku ji ni da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ku duniya a kan ɗan abu kaɗan, ya fi ku sanin darajar ɗan abin. Kwaɗayi ba ya tsayawa a kan mai shi, har 'ya'yansa yake bi.

Nuala ta samu wani masunci mai hankali daga bakin teku, aka sa rana a farkon hunturu. Makon bikin ruwa ya sauko bai ɗauke ba, rafi ya cinye gadar tudu, ba mai iya hawa da kaya. Muna coci tana rawar sanyi cikin farar riga. Da yamma a gidan mijin na ce, "'Yata, binne wutar nan da hannunki." Ta ja toka ta rufe garwashin. Sai ta dube ni ta ce, "Kawu, zafi nake ji," ta tuɓe mayafi.

Washegari na ƙetare rafin da igiya. Ba sauran ko tsinke a ɗakin ƙasa. Ya ƙona gadonsa, ya ƙona kwat da takalmi, ya ƙona ƙoƙunan dawakan Darby. Da komai ya ƙare, ya durƙusa ya sa hannuwansa. Murhun ya mutu, shi ma haka. Muka sa shi a akwati ba hannuwa daga gwiwar hannu zuwa ƙasa.