Mai Gwangwala a Tsakiyar Teku

Yaya Jatau, ɗan wan babanmu, bai cika maganar zamansa a Gana ba. Ranar nan bayan isha'i ya sa muka matso, ya rage murya.

Ya ce shi da amininsa Labbo suka bar Yauri, suka kama aikin su a bakin teku. Ƙarshen damina ne, lokacin da ruwa ke yin sanyi, kifi ya taso sama, hazo ya kwanta har hantsi. Ran nan suka fita su biyu a jirgi mai inji, har ƙasa ta ɓace musu.

Suna jan taru sai suka ji sallama. Da Hausa, irin ta gida.

Wani tsoho ne a ƙaramin kwalekwale, yana tura shi da gwangwala kamar yadda ake yi a kogi. Labbo ya amsa da murna, don ya daɗe bai ji harshen garinsu ba. Tsohon ya roƙi ruwan sha. A wurin masuntan Yauri kuwa, ba a hana mai jirgi ruwa.

"Jarkar tana gabana," in ji Yaya Jatau. "Ni na fi kusa da shi."

Amma ya lura da abu biyu. Igiyar ruwa na ɗaga jirginsu, ba ta ɗaga kwalekwalen. Gwangwalar kuma tana taɓa ƙasa, a wurin da igiya gaba hamsin ba ta kai ba.

Ya ɓoye wa Labbo abin da ya gani. Ya tura jarkar da ƙafa.

"Labbo, miƙa masa."

Labbo ya miƙa. Yatsunsu suka haɗu. Tsohon ya sha, ya yi godiya, ya ce su gai da gida. Hazo ya rufe shi.

Tarunsu ya cika har suka kasa ja. Tun a hanya Labbo ya fara ƙishi. Ya shanye jarkar. A gida ya shanye tulu, leɓensa na tsagewa. Kwana uku ana tofi. A na huɗu aka ga takalmansa a kan yashin bakin teku, a jere, shi kuwa ba a sake ganinsa ba.

Ƙanwata Ladi ta tambaya ko ya gaya wa mahaifiyar Labbo.

Yaya Jatau ya ce:

"Na ce mata zazzaɓi ne. Har yau in na je gaishe ta, ita ke ɗebo min ruwa. Ku dai kada ku shiga ruwan da ba ku san zurfinsa ba. In kun shiga da wani, abin da kuka gani ku faɗa masa."