Garin da Ya Kwanta a Mazaunin Batir

Da safiyar Talata aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda: an sace batirin sola a gidan niƙan Hajiya Harira da ke Kurmin Mashi. Ko da Sufeto Safiyya Balarabe ta isa, har mutanen unguwa sun tsare Tukur, lebura ɗan Zamfara mai buɗe wurin kullum da safe. An yaga masa riga, leɓensa na jini.

"Wallahi, ranki ya daɗe, haka na tarar," in ji shi.

"Ƙarya yake!" in ji Lawan, ƙanin Hajiya, mai kula da inji. "Jiya ina kashe inji na kulle ƙofa, batir yana nan. Makulli kuwa daga ni sai shi."

Sufeto ta duƙa a kusurwar da batirin ke zama. Shatinsa na nan a kan siminti. Kewaye da shi dusa ce da tsaki jibge, amma cikin shatin sai farin gari ɗan kaɗan, mai laushi kamar hoda. Ta shafo da yatsa, ta murza.

"An kunna inji yau?"

"Ko kusa," in ji Hajiya.

"Tukur, yaushe ka tashi jiya?"

"Tun azahar. Matata na kai asibiti."

Hajiya ta ce haka ne, ita ta ba shi izini, inji kuwa bai tsaya ba sai bayan la'asar.

Sufeto ta ɗauki wani buhun da aka juye, ta kakkaɓe shi daidai inda hasken rana ya ratso ta taga. Tsaki ya zube ƙasa nan take. Lallausan garin kuwa ya tsaya cikin hasken, yana ta yawo, ya ƙi sauka.

"Kun gani?" in ji ta. "Mai nauyi ba ya jira. Wannan kuwa iska ke riƙe shi, sai ya daɗe kafin ya kwanta. Da yau da safe aka ɗauke batirin, da wurinsa fes yake. Da ana cikin niƙa ne, da dusa ta zuba ciki. An ɗauke shi ne bayan an kashe inji, garin sama bai gama sauka ba. Wa ke nan a lokacin, Malam Lawan?"

Lawan ya dubi ƙofa, ya ga kofur ɗin da ya rako Sufeto a tsaye. Ya sunkuyar da kai.

"Batirin yana ɗakin abokina a Mando. Yaya, ki yafe mini."

Hajiya ba ta ko dube shi ba. Aka sa masa ankwa, aka tura shi mota. Ita kuwa ta juya ga Tukur, idonta cike da ƙwalla, ta ce ya yafe mata don Allah.

Tukur ya durƙusa gaban Sufeto. "Allah Ya saka da alheri, ranki ya daɗe. Allah Ya jiƙan mahaifa. Ba ni da kowa a garin nan."

Sufeto ta ji wani sanyi a ranta. Ta dubi tsintsiyar da ke jingine a bango.

"Tashi, Malam Tukur. Ni ma Allah nake gode wa da ba ka rigaya ka yi shara ba."