Ƙirgen Goma a Tukunyar Madara

"Buɗe mana, me ake jira?"

Nazira apa ce ta faɗa (apa muke ce wa babbar mace don girmamawa), tana tsaye a ƙofar kicin ta harɗe hannuwa a ƙirji.

Ilsiyar ta durƙusa gaban tukunyar. Hannun nan nata da ke ɗaga ƙarfe mai kilo goma sha shida sama da kai sau ɗari ko gezau, shi ta kai kan mayafin ulun da aka naɗe tukunyar da shi. Ta warware mayafin, ta ɗaga murfi, ta ɗan karkata tukunyar.

Madara ta gangaro tsululu, yadda aka zuba ta da safe.

Bai kama ba.

Karo na biyu ke nan.

"Wayyo!" in ji Rezeda, 'yar maƙwabtansu, tana rufe baki da hannu wai ita tausayi. "Kindirmon ma tsoron damtsenki yake ji, Ilsiyar."

"Saura ɗaya," Nazira apa ta ce, ko kallon yarinyar ba ta yi ba. "In bai kama ba, ƙafata ba za ta taka gidanku da maganar auren ɗana Fanis ba. Na faɗa da bakina."

A ƙauyenmu na Tatar kowane gida da kindirmonsa, katik muke ce masa, kuma kowane gida da irinsa: cokali biyu daga na jiya ake zubawa a madarar yau. To amma irin gidan su Fanis ya girmi duk wanda ke cikin gidan. Abi Minzifa, kakarsa ta wajen uba, a ƙoƙo ta zo da shi ranar aurenta, kuma shekara sittin ba ta bar shi ya mutu ba. Duk macen da za ta shigo gidan sai ta kafa tukunya da shi. Sau uku ake ba ta. In ya kama, hannunta ya karɓu.

Ku ce camfi ne, ni ma na ce. Amma Fanis shi kaɗai ne ɗan Nazira apa, ba zai tsallake maganar uwarsa ba, ita kuwa Ilsiyar ba irin wadda za ta kutsa gidan da ba a yi mata maraba ba ce.

Abi Minzifa na zaune a lungu tana kurɓar shayi. Sai yanzu ta tanka.

"Nazira, ke ma fa a na biyu ya kama miki. Na farkon kaji muka ba."

"Ni da hannun mata na zo, Inna. Dubi nata! Duk kanta, kamar na maƙeri." Ta juyo ga Ilsiyar. "Ki ajiye ƙarfen nan, 'yar nan. Hannunki ya yi laushi, sai mu yi magana."

Ilsiyar ta naɗe mayafin ta ajiye a kan benci.

"Na gode, Nazira apa," ta ce a hankali, ta fita.

Sai da ta wuce rijiya sannan ta bar hawayen suka zubo.

A bayan rumfar gyaran tarakta suke atisaye. Nan Fanis ke aiki, nan kuma ya jera giryarsa, dunƙulallun ƙarfen nan masu mariƙi kamar na buta. Shekara huɗu da suka wuce Ilsiyar ta zo karɓar wa babanta wata ƙusa, ta tarar da ɗaya ya tare mata hanya, ta ɗauke shi da hannu ɗaya ta ajiye gefe tana ci gaba da magana. Fanis ya saki baki. Tun daga ranar bai sake samun kansa ba.

Wanda bai taɓa ganin Ilsiyar da girya ba, an bar shi a baya. Ba ƙarfi take nunawa ba. Ƙarfen zai wuce ta tsakanin ƙafafunta, ta miƙe da ƙugu, sai ka gan shi ya taso da kansa ya zauna a bayan hannunta can sama, shiru, ko ƙara babu. Ta ja numfashi, ta sake shi. Minti goma haka, sau ɗaya tak ake canja hannu, kuma ƙarfe ya taɓa ƙasa an gama da kai. Jibi ne Sabantuy, bikin gama shuka, kuma kaf gundumar ba macen da ake jira a fili kamarta.

Amma yau a minti na bakwai sai ji aka yi tim!

Fanis ya dubi ƙarfen a ƙasa, ya dubi agogonsa, ya dube ta.

"Ilsiyar... kin ajiye?"

"Na ajiye. Kuma na ajiye ke nan."

"Ban gane ba."

"Mamarka ta ce in bar shi. To na bar shi! Kai nake so, Fanis, ba dunƙulen ƙarfe ba."

"Ƙarya kike, duka biyun kike so."

"Fanis!"

"Wallahi duka biyun. Kuma ni wadda ta ɗauke min girya daga hanya ita na gani na ce ina so. In kin bar shi, wa zan aura?"

"Ga Rezeda can. Nata kullum kamawa yake."

"To kindirmon ya aure ta."

Dariya ta so ƙwace mata, kuka ya riga ta. Ta zauna a kan tsohuwar tayar tarakta ta kifa kai a gwiwa.

"Komai na yi yadda Abi ta ce. Na dafa madarar a hankali har ta ja baya ta yi launin ƙasa-ƙasa. Na wanke tukunyar sau uku. Na yi bisimilla. Me kuma ya rage? Ko da gaske hannuna ne ba shi da albarka?"

"Kul! Kar in sake jin wannan, zuciyata."

Ya buɗe fulas ya cika mata kofin ƙarfe da shayi. Ta karɓa ta rungume shi da tafukan hannu biyu, tana kallon ƙasa. Can ya miƙa hannu zai kurɓa, ta ba shi.

"Kai!"

Kofin ya faɗi, shayi ya watse. Fanis na yarfe yatsu yana busa su.

"Wuta kika riƙe haka tun ɗazu? Bai ƙona ki ba?"

"Da ɗan zafi."

"Ɗan zafi..." Ya tsaya cak. Ya kamo hannunta ya juya, yana shafa kantar da ta bi gindin yatsun har gefen ƙaramin. "Tsaya. Kafin a zuba irin, me Abi ta ce ki yi?"

"In sa ƙaramin yatsa a madarar in ƙirga goma. In na iya jurewa, ta huce daidai."

"Kin jure?"

"Na jure mana."

"Da zafi?"

"Da zafi sosai. Na biyun har cikin ƙashi na ji shi, tiriri na tashi. Na ɗan yi shakka, sai Rezeda ta ce in yi maza in zuba kafin ta huce."

"Amma ba ki cire yatsan ba."

"In cire kafin goma? Ni?"

Fanis ya zame ya zauna daɓas a ƙasa. Dariya yake har da riƙe ciki.

"Me ye abin dariya? Rayuwata ce fa!"

"Wayyo Allah, Abi ta yafe min! Ni na kashe mata iri har sau biyu. Shekara huɗu ina tsaye a kanki ina ihu, kar ki ajiye, jure, saura kaɗan... Ilsiyar, raina, dafa irin kike yi! Goman Abi ta masu cire hannu ce in sun ji zafi. Ke ko a wuta aka ce ki ƙirga goma sai kin kai sha ɗaya."

Ta kalli yatsanta.

"Rezeda ta ga tiririn..."

"Ta gani sarai. Tun tana goye take kafa tukunya."

Ilsiyar ta share fuska da gefen riga. Ta miƙe, ta shafa alli a hannu, ta sunkuya ta kama mariƙin.

"Saita agogon. Daga farko."

Ranar Sabantuy aka sa mata na uku. Nazira apa ce ta zaɓi ranar, kuma ba sai an gaya muku dalili ba.

Da sassafe, ana gama tatsa, Ilsiyar ta iso. Ta dafa madarar a ƙaramar wuta tana ɗagawa da ludayi tana zubawa, ta sauke. Nazira apa na bakin ƙofa, Abi na lungunta, Rezeda ta shigo da kwalliyar biki wai aron gishiri.

Ilsiyar ta tsoma ƙaramin yatsa.

"Ɗaya... biyu... uku..."

Ta zare shi.

"Ya ƙona ni," ta ce.

Tunda take, ba wanda ya taɓa jin wannan magana a bakinta. Ita kanta sai da kunya ta kama ta.

"Haba, zuba mana!" in ji Rezeda. "Za ta huce ta lalace."

"Gishirin na kan tebur, Rezeda," Abi ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ɗauki ki gaida mutan gida."

Aka zauna jira. Ga macen da ta saba gamawa da abu a minti goma, wannan zama ya fi kowane ƙarfe nauyi. A waje ana jin kiɗa ya fara tashi, motoci na wucewa zuwa fili. Sau huɗu tana gwadawa, sau huɗu tana cirewa. A na biyar ba ta yarda da yatsan ba ma, ta ɗiga madarar a cikin tsintsiyar hannunta inda fata ke da laushi. Ɗumi kawai ta ji, kamar goshin jariri.

Ta dama irin a ƙoƙo, ta zuba, ta juya sau ɗaya, ta rufe. Ta naɗe tukunyar da mayafi ta kai ta kusa da murhu a hankali.

Abi ta kamo hannun nata ta riƙe cikin nata busassun.

"Tafi filinki, 'yata. Tukunya ba ta son a tsaya mata a kai."



Bayan azahar aka kira mata masu girya. An gama tseren dawaki, 'yan kokawa na hutawa, don haka duk jama'a suka dawo nan suka yi da'ira. Su biyar ne a kan katako. Aka busa usur.

Ilsiyar ta fara da hagu. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, kitsonta na lilo a baya. A minti na biyar ta canja hannu a iska. Biyu sun ajiye. A na bakwai saura ita da wata doguwa daga ƙauyen ƙetaren kogi. Fanis na durƙushe a gaba yana ƙirgawa, muryarsa ta dishe.

A na takwas kantar tafinta ta fashe.

Jini ya gauraya da alli, mariƙin ya fara santsi. Ga zafi, ga zuciyarta can gida a cikin mayafi. In bai kama ba fa? Wa take ɗaga wa wannan ƙarfen? Ƙarfen ya tsaya mata a rabin hanya, ta kai shi sama da ƙyar.

Sai da'irar ta dare ta gefe guda.

Nazira apa ce, da rigar aikin gida a jikinta, ɗankwali ya zame, tana ture manyan maza da kafaɗa. Ta rungumo tukunya. Da ta iso gaba ta cire murfin ta ɗaga ta sama.

Cokalin katako na tsaye ƙyam a tsakiyar kindirmon, ba abin da ya tokare shi.

"Ya kama!" ta ƙwala. "Kin ji ko? Ya kama!"

Idon Ilsiyar ya cika. Hannunta ya fara saukowa, tana neman ajiye ƙarfen ta ruga wajenta.

"Ke! Kar ki kuskura!" Nazira apa ta daka mata tsawa. "A gaban mutanen ƙetaren kogi za ki ajiye? Fanis, nawa ya rage?"

"Minti ɗaya, Mama!"

"To ɗaga! Ɗaga, 'yata!"

Ilsiyar ta ɗaga. Tana kuka tana dariya, jini na bin hannunta, ƙarfen na tashi yana zama a sama shiru kamar kullum. Fanis ya ɓata lissafi, sai alƙali ne ya ci gaba. Filin gaba ɗaya ya ɗauki ƙirgen da murya ɗaya.

Wata tsohuwa baƙuwa ta taɓo Nazira apa.

"Baiwar Allah, 'yar waye wannan?"

Nazira apa ta gyara riƙon tukunyar, idonta na kan katakon.

"Matar ɗana ce," ta ce. "Matsa, kina tare min."